Wane suna za mu raɗa wa star fruit da Hausa?

Jama'a, ga ɗan itacen nan mai ruwan ɗorawa da tudu biyar a jikinsa, wanda in an yanka shi a kwance kowane yanki sai ya fito kamar tauraro. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, ana nomansa sosai a Malesiya da Indonesiya da Indiya, har da Barazil. Da ɓawonsa ake cin sa. Akwai mai zaƙi da ake ci ɗanye ko a matse ruwansa, akwai mai tsami wanda mutanen Biyetnam ke jefawa a miyar kifi, Indiyawa kuma su yi ɗan yaji-yajin da suke haɗawa da abinci.

Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne "lemon tauraro". Yana da daɗin faɗa, amma ni ban yarda da shi ba. Na farko dai ba dangin lemo ba ne. Na biyu, wanda ya fi damuna, mu lemo da ayaba muke riƙewa in za mu dubiya asibiti. Duk abin da aka kira lemo, Bahaushe zai ɗauka abin ba maras lafiya ne.

To wannan kuwa ga mai ciwon ƙoda guba ne. Yana ɗauke da sinadarin oksalat mai yawa, da wani da ake kira karamboksin, wanda masu bincike a Barazil suka tantance a 2013. Lafiyayyar ƙoda tana tace shi ta fitar. Wadda ta gaza kuwa sai ya taru a jini ya taɓa ƙwaƙwalwa: shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, amai, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci har rasa rai. Masu wankin ƙoda ko ɗanɗanawa ba a so su yi. Mai lafiya in ya ci daidai misali ya more, domin giram 100 na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 34, ga ruwa da harza, sukari kaɗan.

"Ɗan tauraro" ko "tauraruwa" ma suna da tasu matsalar. Agwaluma da Turanci star apple ake ce mata. In likita ya hana mutum "mai tauraron nan", wani zai je gida ya ƙaurace wa agwaluma, ya ci wanda aka hana shi.

Ni karambola na zaɓa. Turawan Fotugal ne suka ɗauko kalmar daga harsunan Indiya suka yaɗa ta duniya, ita ce kuma rabin sunansa na kimiyya, Averrhoa carambola. Ɗaya rabin kuwa daga sunan Ibn Rushd aka samo shi, malamin nan na Andalus da aka haifa a Ƙurɗuba a 1126, wanda Turawa ke kira Averroes. Da Faransanci carambole ne, ke nan ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya gan shi a kanti ba zai yi baƙunta da sunan ba, abin da "star" ba za ta ba mu ba.

Masu cewa aro gazawa ce, ina muka samo tumatir da karas da kabeji? Tuffa ma daga Larabci ta zo, ta zauna daram. Karambola ta bi harshe ba gargada, har tana tuna wa mutum karambani, wanda ba laifi in ya sa mai ciwon ƙoda ya yi jim kafin ya kai baki.

Mutanen Filifin balimbing suke ce mata, suna kuma jifan ɗan siyasa mai yawan sauya sheƙa da wannan suna saboda fuskokinta da yawa. Da mun ara nasu, da kafin zaɓe ya zo an manta cewa abin ci ne.

Tun da ta ƙare da "a", mace ce: karambola ce, ta nuna, a yanka ta. Sai mu raba ta yadda muka raba lemo, karambolar zaƙi da karambolar tsami. Ta tsamin ta fi yawan oksalat, ita ce ma ake goge kayan tagulla da ruwanta.