Faifan 4K: ko ya dace in sake sayen fina-finan da nake da su a Blu-ray?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Talabijin ɗina mai 4K ce, inci 55, kujera kuma tana nesa da ita kamar mita uku da rabi. Da PS4 Pro nake kallon faifan Blu-ray. Idan na sauya su da na 4K, zan ga bambancin da ya kai kuɗin?

Mai gyara, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Malam, PS4 Pro ba ta karanta faifan 4K sam. Sai PS5 mai bakin faifai, ko Xbox One S da Series X, ko na'ura irin Sony UBP-X700 da Panasonic UB820. Wayar HDMI kuma ta zama mai ɗaukar 18 Gbps, ka soka ta a ramin talabijin da ke da HDCP 2.2 (tsarin kariya daga kwafe fim), in ba haka ba hoton ya riƙa ɗaukewa ko ya sauko 1080.

Gaskiya a wannan tazarar taka ba za ka ga ƙarin kaifi ba. Blu-ray 1920×1080 ne, 4K kuma 3840×2160, ninki huɗu ke nan, amma a kan inci 55 sai ka matso ƙasa da mita biyu kafin ido ya rarrabe. Ribar faifan tana wajen HDR, wato haske da zurfin launi. To nan fa ake shan kashi: talabijin mai araha da haskenta bai wuce nit 300 ba (nit shi ne ma'aunin hasken allo) tana karɓar HDR, sai dai hoton ya fito da duhu, har Blu-ray ɗin ya fi shi kyau. Duba hasken taka kafin ka fitar da ko kobo.

Ba'argunge:
Ƙari a kan maganar Mai gyara, ba kowane fim ne ya cancanta ba. Da yawa daga na shekarun 2000 an kammala su ne a 2K, wato kusan kaifin Blu-ray, aka buɗa su zuwa 4K daga baya. Tsofaffin da aka ɗauka a fim mai milimita 35 ko 70 aka sake kwafowa daga asali, su ne ke tashi da kyau sosai. Su za ka fara saye, sauran ka bar su.

Wani alheri: faifan 4K ba shi da kullen yanki, wato abin da ke hana faifan wani yankin duniya aiki a na'urar wani yankin. Na Amurka zai yi a na'urar da aka sayo daga Ingila. Amma Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yana iya zuwa da kullen A na yankin Amurka, mu kuwa B muke.

Bayawuri:
A kula da abu biyu. Na'urar da aka kawo daga Amurka galibi ta wuta 120 ce, tamu 230, ba tare da tiransifoma ba nan take za ta ƙone. Karanta bayanta tukuna, a kuma haɗa ta da sitabilaiza, musamman in da janareta ake.

Sai ƙura. Faifan 4K mai GB 100 hawa uku na bayanai ne a cikinsa, ɗan yatsa ko ƙurar hunturu ta isa ta sa fim ya daskare daidai inda zai sauya hawa. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a zagaya. Wanda kuma ake sayarwa da arha a kasuwa, an buga "4K" a jikin leda da fina-finai goma a ciki, DVD ne kawai.