Ranar da aka yi ruwan farko, yaya kuka ji a ranku?

Tela daga Sakkwato: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai duk shekara daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu ba na gane kaina. Zafi ya haura digiri 40, kwanon shago ya ɗauki wuta, yaro ya ɗan karkata wuyan riga sai in hau shi da faɗa kamar ya yi kisan kai. Da dare ɗaki ba ya shiguwa, a baje tabarma a tsakar gida, ita ma ƙasar tana huci har ƙarfe biyu. Amma ranar da hadari ya haɗo aka sako ruwan farko, wallahi ko wanda ya riƙe min kuɗin ɗinki na gani sai mun gaisa da dariya. Ni kaɗai ne, ko kowa haka yake?

Uwar 'yan biyu, Kano: Ba kai kaɗai ba ne, malam. Sai dai ni na gano ba ruwan ne kaɗai ke sanyaya rai ba, har da fitar da ake yi a tare shi. Da muna gidan surukaina a cikin gari, iska na kaɗawa kowa zai fito a guje. Wannan na kwashe shanya, waccan na tura baho ƙarƙashin indararo, yara sun tuɓe riguna, Hajiya na faɗin a shigo da awaki ba mai jin ta. Sai ƙanshin nan na ƙasa ya tashi. Ko kun kwana uku ba kwa magana da faccalarki, ranar sai kun yi. Yanzu mun koma gidan haya a saman bene, ba tsakar gida. Bana ta taga na kalli ruwan farko, na ja labule, na koma kan wanke-wanke. Maza ba za su gane ba, su suna da dakali da majalisa da gindin darbejiya. Mace kuwa tsakar gida ce wajenta, in aka raba ta da ita an raba ta da sararin sama. Har hantsin hunturu da nake sha a bakin murhu na rasa.

Tela daga Sakkwato: Gaskiya, hajiya, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Tsohon manomi, Damagaram: 'Ya'yana, ku murnarku ba ta da lissafi. Mu ruwan farko sai mun tona ƙasa mun ga iya inda lema ta kai. In bai kai ruwan shuka ba ka zuba iri, aka ɗauke sati uku, gero ya tsiro ya ƙone, ka yi asarar iri. Wanda ya yi binne kuma, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, barcinsa rabi ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, washegari da sassafe in na tsaya a gona, ƙasa ta yi laushi a ƙafa, ciwon gwiwar ma mantawa nake da shi. Jikokina kuwa ba ruwansu da gero, shinge suke jira ya fito su kama a gindin fitila.

Ɗalibi a Manchester, Ingila: Baba, Allah ya ba da damina mai albarka. Ni labarina a juye yake. Nan ruwa ba baƙo ba ne, yayyafi ne ba dare ba rana, ba ƙanshi, ba mai murna da shi. Rana ce ruwan farkonsu. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, ka yi azahar, la'asar da magariba kusan a jere. Shekarata ta farko na zauna a ɗaki wata biyu, daga aji sai gado. Ba ciwon komai, amma ko wayar gida aka kira ba na son ɗauka. Likita ta ce in riƙa shan bitamin D, wanda dama ana ba mutanen nan shawarar sha a lokacin sanyi, ta kuma ce in fita tafiya da rana ko da gari a lumshe yake. Na raina maganar, na ce ni da na taso ina gudun rana. Da na fara zagaya wani fili na rabin awa bayan azahar, barcina ya daidaita, na dawo ina hira da mutane. Da na ga Turawa sun baje a ciyawa ranar da rana ta fito a Afrilu, ban yi musu dariya ba, kusa da su na zauna.

'Yar Maiduguri: Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Tun ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo mana gari cikin dare, hadari ya daina burge ni. Da ni ce mai fara fita in tara hannu ina addu'ar Allah ya sa mai amfani ne. Yanzu da na ji rugugi sai in duba inda na ajiye takardu da kayan yara. Ƙaramin ɗana har yau in ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano sai ya shige jikina.

Uwar 'yan biyu, Kano: Allah ya kiyaye gaba, 'yar'uwa, ya mayar muku da alheri. Ki riƙa fita da shi in an ɗauke, ya taka lema da ƙafarsa, ko a hankali zai saki jiki.

'Yar Maiduguri: Amin, yaya. Yayyensa sun ja shi sau ɗaya bara, ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannu ɗaya kawai. Bana ma za mu gwada.