Gulma ta koma waya: abin da aka tsayar a hirar majalisa

Da aka tambayi wane mugun hali ya fi ɓarna yau, wasu suka ce hassada, wasu tauye mudu. Mafi rinjaye dai gulma suka zaɓa, ni ma can na karkata. A da iyakarta bakin rijiya, yanzu saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya kashe aure kafin magariba.

Dattawan suka ce a riƙe aya ta 6 a Suratul Hujurat: a bincika labari kafin a tura shi. Wanda ya kawo maka maganar wani, ka ce ku je gabansa tare. Yawanci nan take zai zame. Masu tauye mudu kuwa, a kai ƙararsu wajen sarkin kasuwa.