Git yana jan ƙafa a kan aikinmu: daga ina ake fara gyara?

Sadiq, Agege:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin manhaja a Yaba, kuma rumbunmu na Git, wato manhajar da ke adana fayilolin aikinmu da tarihin duk canjin da aka yi musu, ya shekara shida ana loda masa kaya. Yanzu idan na buga umarnin git status a kwamfutata mai Windows don in ga fayilolin da suka canja, sai na zauna ina kallon allo kusan daƙiƙa 20 kafin amsa ta fito. Jiya kuma sabon ma'aikacinmu ya tashi sauke rumbun, datarsa ta ƙare bai kai rabi ba. Shugabanmu ya ce a sayi sababbin kwamfutoci. Akwai abin da ya dace mu gwada kafin a taɓa aljihu?

Malam Habibu, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Sadiq. Kada ka gyara komai tukuna sai ka auna, domin wanda bai san inda ciwo yake ba, a banza zai sha magani. Ka buɗe Git Bash, wato tagar da ake buga umarnin Git a Windows, ka buga GIT_TRACE2_PERF=1 git status, zai jera maka kowane mataki da lokacin da ya ci. Galibi abin da ke faruwa shi ne Git yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana duba ko an taɓa su, sannan ya sake lalube manyan jakunkuna yana neman waɗanda ba ya bibiya. Idan haka ne, ka kunna core.fsmonitor, wanda aka saka cikin Git tun sigar 2.37 a 2022 domin Windows da macOS. Shi yake sa ido a bayan fage, ya gaya wa Git abin da ya canja kaɗai. Ka haɗa da core.untrackedCache, wanda ke tuna sakamakon laluben jakunkuna don kada a maimaita shi kowane lokaci. Amma ka yi su bi da bi, kana aunawa sau da yawa bayan kowanne, don awon farko yakan yaudari mutum.

Rukayya, Surulere:
Ina tare da Malam, sai dai batun saukewa daban ne. Ku yi amfani da git clone --filter=blob:none, wanda zai kawo tarihin aikin ya bar tsofaffin abubuwan da ke cikin fayiloli sai ranar da aka buƙace su. Illarsa ita ce duk wanda zai koma tsohuwar siga dole ya kasance da intanet a lokacin. Microsoft ma ta sha wannan fama a 2017, lokacin da ta mayar da rumbun Windows mai kusan gigabait 300 kan Git, kuma Scalar, kayan aikin sarrafa manyan rumbuna da ya fito daga wannan gwagwarmaya, ya shiga Git a sigar 2.38. Ka kuma bincika ko wani ya taɓa tura bidiyo ko fayil ɗin APK (na girka manhajar Android) cikin rumbun, domin goge shi yau ba ya cire shi daga tarihi.

Sadiq, Agege:
Na gode ƙwarai, Malam da Anti Rukayya. Na auna, kuma ashe wata jakar hotunan gwaji ce da ba a saka a .gitignore (jerin abubuwan da ake so Git ya yi watsi da su) ba take cin yawancin lokacin. Da na saka ta na kunna fsmonitor, amsa tana fitowa kafin na ɗaga hannu daga madannai. Bidiyon ma na gano su, guda uku ne na tallar farko da muka yi.

Malam Habibu, Ikeja:
Madalla. Idan za ku kankare su daga tarihi da git filter-repo, kayan aikin sake rubuta tarihin rumbu, ku sani lambobin shaidar duk ajiyar da ta biyo bayansu za su canja, saboda haka sai kowa ya tura aikinsa, a tsayar da rana guda, sannan kowa ya sauke rumbun sabo.