Zawon yarinya: SRO (ruwan gishiri da sukari) a gida ko ƙarin ruwa?

Maman Sadiya: Salamu alaikum. Ɗiyata mai wata 18 tana zawo tun jiya da la'asar, sau biyar ke nan. Ba ta amai, tana kama nono. Ina da fakitin SRO biyu, amma uwar mijina ta ce ruwan gishiri ba magani ba ne, a kai ta a sa mata ƙarin ruwa. Ku ba ni shawara don Allah.

Ɗan Bagalam: In dai tana amai, kar ki sa mata komai a baki.

Malam Isa: Ta ce ba ta amai, kuma ko tana amai ba a daina ba ta, sai dai a hankali. Baiwar Allah, dama fakiti guda cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba ta da cokali. Kowace ƙwayar halitta ta hanji tana da fata siririya, rufi biyu na kitse, gishiri da sukari ba su ratsa ta. Sai ta ƙofofin furotin da ke jikinta. Akwai ƙofar da ba ta wucewa da gishiri sai ya zo tare da sukari, in sun shiga ruwa ya bi bayansu. Ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. Ki haɗa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. In idonta ya faɗa ko ta kasa sha, ki ruga likita.

Hajiya Rabi: Ni kam na ga ta kaina. Yarona lemun kwalba aka ce in ba shi, wai zai yi ƙarfi. Kwana biyu ina ɗura mishi. Da asuba na ja fatar cikinshi ta tsaya kamar tsumma, ba ta koma ba. A kan kabu-kabu na rungume shi, kafin a samu jijiya sai da aka soke shi sau huɗu. Ya tashi, amma har yau in na ga kwalbar nan gabana faɗuwa yake.

Malam Isa: Sannu Hajiya. Sukarin ya yi yawa, shi ya janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji.

Abdu Tela: Ƙarin ruwa jikka bakwai na biya bara.

Zulai: Ina? Mu jikka goma sha biyar, ban da allura.

Ɗan Bagalam: Malam alli yake riƙewa a lakkol, ba lokotoro ba ne. Tsofaffi da suka raini goma sun fi shi sanin yaro.

Abdu Tela: Ashe har hanji akwai duwan, gishiri ba ya wucewa sai da ɗan rakiya!

Zulai: To wai ba tun 2006 aka ce a Nijar maganin yara ƙasa da shekara biyar kyauta ne ba? Ni kullum takarda ake rubuta mini in tafi farmasi.

Hajiya Rabi: Wallahi ko safar hannu ni na saya ranar.

Maman Sadiya: Ta sha rabin kofi yanzu. Wanda na dama, zuwa yaushe zai lalace?

Zulai: Hajiya, ke ma sai da kika sayi safar?