Neman shawara: bit na karyewa, inji na rawa a yankan farko

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu. Ina aikin ƙofofi da katakon maɗaci a injin CNC 1325 (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa), sifindil (abin da ke juya bit, wato ƙarfen yankan) 2.2kW mai sanyaya da ruwa, kolet (maƙalin da ke riƙe bit) ER20. Da zarar na fara yankan farko na kwashe nama, wato rage yawan katakon kafin gyaran ƙarshe, sai inji ya kama ihu yana kakkarwa, gefen yankan ya fito da tudu da kwari, bit ya yi baƙi, can kuma ya ɓalle. Bit ɗin 6mm ne mai baki biyu, mai jan gari sama. Juyi 24,000 a minti, tafiya 1,500mm a minti, zurfi 12mm a lokaci guda. Tsawon da ya leƙo daga kolet ya kai 45mm. Don Allah ina matsalar take?

Wani mai gyaran injuna: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zargi inji, a yi lissafi. Raba gudun tafiya da juyi sau yawan baki: 1,500 a raba da 48,000, kowane baki yana ɗiban 0.03mm ke nan. Wannan gogawa ce kawai. Bit ɗin yana shafar katako, zafi ya taru a kansa maimakon ya tafi da ɓarɓashi, kaifin ya mutu, shi kuma dakusasshen bit sai an tura shi da ƙarfi. Ga bit 6mm a katako mai tauri, ka nemi 0.10 zuwa 0.15mm. Sauke juyi zuwa 18,000, ka ɗaga tafiya zuwa 4,000, za ka samu kusan 0.11. Amma da sharaɗi: zurfi ya dawo 3mm zuwa 4mm, kada ya wuce kaurin bit ɗin. In aljihu (rami mai faɗi a cikin allo) kake kwashewa, kowane layi ya ci kashi 40 cikin ɗari na faɗin bit. Sannan ka ɗebi abin da ke fita a tafin hannunka. In ka ga ƙananan sassaƙe masu ɗan nauyi, ka dace. In gari ne laushi kamar fulawa, har yanzu gogawa kake yi.

Mai tambaya: Oga, ni tsorona ƙara gudu. Ai gani nake shi zai ƙara karya shi.

Wani mai gyaran injuna: Da zurfi 12mm kam zai karye nan take. Rage zurfin tukuna, sannan ka ƙara gudun. Yi gwaji a guntun katako, ka fara daga 3,000 kana hawa kana sauraro.

Wata mai zanen CNC: Lissafin Oga daidai ne, amma ni 45mm ɗin nan ne ya fi tsaya min a rai. Lanƙwasar bit ba ta tafiya daidai da tsawonsa. In ka ninka tsawo sau biyu, lanƙwasa ta ninka sau takwas. Saboda haka in ka dawo da shi daga 45 zuwa 30mm, ka rage lanƙwasa fiye da sau uku ba tare da ka kashe ko sisi ba. Sai dai ka kiyaye, kolet ya kama santsin jikin bit kawai, kada ya hau kan inda bakin ya fara. In aikin yana buƙatar zurfi, koma 8mm, wanda ya fi 6mm jure lanƙwasa wajen sau uku, ko ma 12mm tunda ER20 na ɗauka har 13mm. A bar wa ƙaramin bit kusurwoyi da gyaran ƙarshe, a bar masa 0.5mm ya share. Kuma a cikin manhajar ka saita shiga da gangara, digiri 3 zuwa 5. Soka bit a tsaye cikin maɗaci yana cinye bakinsa tun kafin a fara aikin.

Wani kafinta: Malam, duba guntayen da suka karye, su za su faɗa maka gaskiya. In a daidai bakin kolet yake ɓallewa, kolet ne: ko ya tsufa, ko gari ya cushe tsagoginsa, ko an ɗaura shi ba daidai ba. Ana fara danna kolet cikin notin da ke ɗaure shi har ya ce ƙas, sannan a saka bit, sannan a ɗaura a sifindil. Yara da yawa jefa kolet suke yi cikin sifindil su ɗaure noti a kai, bit ya zauna a karkace, baki ɗaya ya riƙa yin aikin biyu. In kana da agogon awo mai nuna karkacewa, ɗora shi a jikin bit ka juya da hannu. In karkacewar ta wuce 0.03mm, canza kolet. In a tsakiyar bakin yake karyewa, nauyi ne ya yi yawa. In kuma tsinin ne ya gutsure, nemi ƙusa ko sukurun da ka taka.

Sai katakon kansa. Bit mai jan gari sama yana ɗaga katako. Allon ƙofa da aka matse a gefe huɗu kawai, tsakiyarsa rawa take. Ƙwanƙwasa shi da yatsa, in ya yi amon ganga, ƙara sukuru a wuraren da za a yanke a zubar. Maɗaci ma zarensa a sarƙe yake, yana fizga. Katakon loko kuwa wani lokaci da farin dutse a cikinsa, yana kashe kaifi da wuri.

Wani mai gyaran injuna: In an gyara duk wannan rawar ba ta daina ba, to a koma kan inji. Kashe sifindil, bar motocin da ke tura kan injin a kunne, kama noti ka jijjiga gaba da baya, hagu da dama. Duk motsi ko ƙas-ƙas da ka ji, bi shi: sukurun da ke riƙe ƙaramar giya a kan haƙoran layi, bel da ya saki, ko boris ɗin layin Z, wanda sifindil ke hawa da sauka a kansa. Masu aiki da janareta kuma su saurari sifindil. In muryarsa na faɗuwa idan ya shiga katako, juyi ya ragu ke nan alhali tafiya ba ta ragu ba, kowane baki ya ɗebi fiye da ƙarfinsa.

Mai tambaya: Na duba, duk a bakin kolet suka karye. Zan fara da sabon kolet da 30mm. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani kafinta: Amin. Sayi noti ma tare da shi, ka goge cikin sifindil da tsumma mai tsabta kafin ka ɗaura.