Neman shawara: zan kai Hajiya Kagoshima, amma dutsen nan yana ba ni tsoro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Fukuoka, ƙasar Japan, mahaifiyata ta zo mini ziyara, ina so in kai ta Kagoshima kwana biyu a watan Agusta. Sai na ga bidiyon Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta, yana aman hayaƙi a gaban gari, gabana ya faɗi. Hajiya tana da asma, ga ciwon gwiwa. Mu je ko mu haƙura? In mun je, yaya ake zirga-zirga ba mota?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara uku na yi a garin. Dutsen kusan kullum cikin tari yake, mutanen gari ko ɗaga kai ba sa yi, kuma an hana kowa matsawa kusa da bakinsa da ƙasa da kilomita 2. Abin da zai dame ku toka ce. Ba irin ta murhu ba ce, tsakuwa-tsakuwa take kamar garin yashi, za ki ji ta tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Na taɓa shanya farar riga na tafi makaranta, na dawo na tarar da ita kamar an share kasuwa da ita. Hukumar gari har leda mai ruwan ɗorawa take raba wa gidaje don tara toka. Kuma kin zaɓi lokacinta: da zafi iska ta fi kaɗo ta cikin gari, da sanyi kuma ta tura ta gabas, wajen Osumi. Kowace safiya ki duba hasashen yanayi, suna faɗin inda iskar saman dutsen ta dosa. Takunkumi, tabarau, laima, maganin shaƙarta a jaka. In da hali ma ki ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba.

Amsa ta biyu:
Zirga-zirga ba matsala. Jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, daga tashar Hakata a Fukuoka zuwa tashar Kagoshima-Chuo wajen awa ɗaya da rabi ne. Cikin gari akwai jirgin kan titi layi biyu, ta baya ake shiga, a biya a gaba wajen sauka. Ki sayi tikitin yini da ake kira CUTE a tashar, ya haɗa jirgin titi da bas ɗin City View da jirgin fito da bas ɗin zagaya Sakurajima. Fiton minti 15 ne kacal, kuma a ɓangaren Sakurajima ake biya, zuwa da dawowa.

Mai tambaya:
Na gode Yaya. Wato har kan dutsen ake zuwa?

Amsa ta biyu:
Mutane ma zaune suke a gindinsa, yara da hular kwano suke zuwa makaranta. Bas zai kai ku wurin hange na Yunohira, tsayin mita 373, iyakar inda ake bari ke nan. Ƙofar wurin bautar Kurokami da aman 1914 ya binne saura kanta tana can ɗaya gefen, da nisa, kada ki wahalar da Hajiya. A waccan shekarar ce narkakken dutse ya haɗe tsibirin Sakurajima da tudu. Ki kai ta Nagisa kusa da tashar fito ta tsoma ƙafa a ruwan zafi, tsawonsa wajen mita 100, kyauta. Gwiwa za ta yi miki godiya.

Amsa ta uku:
Duk kun manta ciki! 'Yata, garin nan da naman baƙin alade ya yi suna, kurobuta, kuma romon taliyarsu galibi na ƙashinsa ne. Ku tsaya kan kifi. Ko soyayyen kwaɓin kifi, satsuma-age, ki tambaya, wasu suna zuba giya a kwaɓin. Ni dai lambun Sengan-en na gidan sarautar Shimazu, tun 1658, ya fi mini ko'ina: a zaune za ta ga dutsen da teku. Tudun Shiroyama kuwa ku hau da bas, kada ku gwada da ƙafa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Tikitin komawarta 2 ga Satumba ne, Nuwamba ba za ta yiwu ba. Za mu je, ranar da iska ta juyo gari mu zauna a masauki. Na karanta mata amsoshinku, ita ruwan zafin nan kawai ta ji.